Aiki Uku Ta Ba Lauya, Sauran Ta Ɗauka da Kanta

Takardar da aka aiko mata shafi ɗaya ce, rubutun hannu, an bar mata gurbin sa hannu a ƙasa. Malamar sakandare ce a Samaru, shekararta tara da aure, 'ya'yanta biyu, kuma wata bakwai ke nan tana zaune gidan iyayenta. Mijin ya amince ya sawwaƙe mata ta hanyar khul'i, muddin ta cika sharuɗɗa uku: ta mayar da sadaki, ta biya kuɗin lefe da hidimar biki, ta kuma bar masa yara. Iyayenta sun gaji da zaman sulhu, ita ma ta gaji. Da a daren aka miƙa mata biro, da ta sa hannu.

Yayanta ne ya ce a fara nuna wa lauya. Na farkon da suka gani ya yanka musu kuɗin ɗaukar shari'a baki ɗaya, abin da ya kusa albashinta na wata huɗu, ban da kuɗin zuwa kotu a kowane zama. Lauyan bai zalunce su ba, haka lissafin aikin yake. Wanda ya karɓi shari'a ya ɗauki alhakinta har ranar hukunci, kuma bai san sau nawa za a ɗage zama ba. Ranar da miji bai zo ba, ko shaida ya yi tafiya, ko alƙali yana wani uzuri, lauya ya ɓata safiyarsa a benci, kuma mai ƙara ce za ta biya wannan safiyar. Mafi yawan kuɗin rabuwar aure a jira yake ƙarewa.

Sai ta lura da abin da duk mai shiga kotun shari'ar Musulunci ke gani. Da Hausa ake magana, alƙali da kansa yake tambaya, magatakarda yana rubutawa, mata da yawa kuma suna tsayawa su faɗi bukatarsu ba tare da lauya ba. Tsayuwar ba ta ba ta tsoro. Abin da ta rasa shi ne sanin inda haƙƙinta ya tsaya da abin da kalmomin takardar za su jawo mata. Da wannan tunanin ta hau mota daga Samaru, ta bi ta Palladan da Kwangila, ta sauka Sabon Gari, ta hau benen wani lauya da abokiyar aikinta ta kwatanta mata.

"Barista, ba ni da ƙarfin ɗaukar ka shari'a gaba ɗaya," in ji ta. "Ina so ka yi mini wasu ayyuka, in biya kowanne da kuɗinsa."

Ya ce, "Malama, to mu lissafa su, mu rubuta, don kada gobe ki zaci ina wurin da ba na nan."

Suka tsaya a kan uku: zama ɗaya na shawara, sake rubuta yarjejeniyar, da rakiya kotu ranar da za a karanta ta gaban alƙali. Ya rubuta mata wasiƙa mai bayyana ayyukan da kuɗin kowanne, da kuma abin da ba ya ciki, wato karɓar sammaci, bibiyar ranakun zama da ɗaukaka ƙara. A Amurka irin wannan tsari ya daɗe da samun gindin zama a shari'o'in iyali. A nan yakan faru ne bisa fahimtar juna, shi ya sa wasiƙar take da muhimmanci ga ɓangarorin biyu.

Zaman shawarar bai kai awa biyu ba, amma a nan kuɗinta ya fi yin aiki. Ya bayyana mata cewa kotunan nan da mazhabar Malikiyya suke hukunci, daga littattafai irin su Risala da Mukhtasar da Tuhfa, kuma ƙofa biyu ce a gabanta. Ta farko khul'i, inda mace ke fansar kanta da abin da aka daidaita a kai. Ta biyu neman kotu ta raba auren saboda cutarwa, kamar rashin ciyarwa ko duka, inda ba ta biyan komai idan ta tabbatar da ƙararta da shaidu. Ya ƙara da cewa a mazhabar, matar da ta biya fansa alhali cutar da ita ake yi tana iya karɓo abin da ta bayar idan ta kawo hujja, kuma sakin yana nan daram.

Sannan ya ɗora yatsa a kan sharaɗi na uku. A Malikiyya riƙon yara na uwa ne bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, ciyarwa da tufatarwa kuwa suna wuyan uba. Idan uwa ta sake aure, riƙon yakan koma ga mahaifiyarta kafin a zo kan uba. Amma malaman mazhabar sun yarda mace ta sarayar da riƙon a matsayin fansa, kuma dawo da shi bayan haka aiki ne ja. Gajeren layin nan da ta kusa sa wa hannu ya fi sadaki da lefe tsada nesa ba kusa ba.

Lauyan bai zaɓa mata ƙofa ba. Tana da hujjar rashin ciyarwa, amma tabbatar da ita na bukatar maƙwabta su zo su yi shaida a kan mutumin da suke sallah sahu ɗaya da shi, kuma ana iya shafe watanni. Ta kwana biyu tana auna abin, sannan ta zaɓi khul'i: za ta mayar da sadaki kaɗai, yara su zauna a hannunta. Ta san tana barin kuɗin da wataƙila da ta jure ba za ta biya ba, ta kuma bar shi da saninta.

Aiki na biyu ya fito a shafi biyu. An rubuta adadin sadaki da ranar mayarwa, an ambaci cewa babu wani bashi bayansa, an tsayar da riƙon yara a wurinta, an sa kuɗin abinci na wata da na makaranta da na asibiti a kan uba, an kuma ware ranakun da zai riƙa ganin 'ya'yansa. Dangin mijin suka yi ja-in-ja a kan lefe har mako uku, daga baya suka sauko.

Sauran aikin ita ta yi. Ta shigar da ƙara, ta biya kuɗin kotu ta karɓi rasit, ta tabbatar an kai sammaci, ta tara rasitan makarantar yara a jaka guda. Sau biyu ta nemi izini a wurin aiki ta je aka ɗage, asararta kuɗin mota ce da darasin safe. Ranar zama na uku lauyan ya zo. Aikinsa a ranar shi ne ya ga an karanta kowane sharaɗi, an shigar da shi cikin littafin kotu, kuma hukuncin ya ambaci yara da nafaƙarsu, domin abin da ba a rubuta ba da wuya a tilasta shi. Kafin su rabu ya ce kada ta bar maganar sai ta karɓi kwafin hukuncin mai hatimi. Duk abin da ta biya shi bai kai albashin wata ɗaya ba.

Wannan hanya tana da iyaka. Ma'auratan da suka yi auren rajista, kuma suna da yawa a Sabon Gari, Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke raba aurensu a ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970. Sai an shigar da koke a rubuce an nuna auren ya lalace ba gyara, ba a shigar da shi kafin shekara biyu da ɗaurin aure sai da izinin kotu ko a wasu keɓaɓɓun dalilai, kuma hukuncin farko yakan jira wata uku kafin ya tabbata. Ƙa'idojin can sun fi ƙarfin wanda bai karanci aikin ba. Haka nan idan akwai barazana ga rai, ko rikicin gida da fili, ko aka kai ga ɗaukaka ƙara, tsimin kuɗin lauya yakan zama asara. Wadda ba ta da ko kuɗin zaman shawara tana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976, ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, ko ofishin taimakon shari'a na Tsangayar Lauyoyi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kongo.

Malamar ta gama idda, ta kama ɗaki biyu kusa da makarantarsu, yaran suna wurinta. Kuɗin wata yakan zo a makare, sau ɗaya ma bai zo ba. Kwafin hukuncin yana cikin jakar rasitai, ta kuma riga ta tambayi lauyan nawa zai karɓa ya rubuta mata takardar neman kotu ta tilasta biya, idan aka sake tsallake wata.