Baba Mai Taki

Saura mako biyu mu fara jarrabawa Allah ya yi wa Baba rasuwa. Yawancinku ba ku san shi ba. Ni wata huɗu na yi a ƙarƙashinsa, lokacin SIWES, a wani shagon kayan gona.

Asalinsa malamin gona ne, daga baya ya koma sayar da taki, iri da maganin feshi. Shi ya sa ba ya miƙa kaya sai ya yi tambaya: me ka shuka, kwana nawa da tsiro, jigawa ce ko fadama? In masara ce 'yar mako biyu, NPK zai ba ka, ya ce ka dawo ɗaukar yuriya bayan wata guda. In kuɗinka na buhu ɗaya ne, sai ya koya maka binne takin kusa da gindin shuka maimakon watsawa.

Wata rana muka tarar katan uku na maganin ciyawa sun wuce wa'adi. Wani abokin aikinmu ya ce ai manoma ba sa duba kwanan wata. Baba ya ce, "Ɗana, kai kwalba za ka sayar, shi kuwa abincin shekararsa ne." Daga aljihunsa asarar ta fita.

Ranar uku, manoma suka riƙa zuwa biyan bashin da babu shi a kowane littafi. Mu da za mu fita kasuwa bana, wannan kwas ɗin ba ya cikin manhaja.

Allah ya jiƙan Baba.