Allon da Ba a Kafa Ba

A bakin hanyar shiga Maruda alluna ne jere: na rijiyar burtsatse, na makarantar firamare, da na 'yan takara waɗanda rana ta koɗar da fuskokinsu. Kowanne yana ɗauke da shekara da sunan mai aikin. Amma babu ko ɗaya da ya ce wa baƙo ga wanda ya sari garin nan, ga dalilin da ya zaunar da shi.

Ina yaro ban ga wannan giɓi ba, domin kakana shi ne allonmu. Bayan la'asar yakan zauna a gindin tsamiyar ƙofar gida, ya ce da ni, "Taho nan, abokina, ka ji inda munka fito." Daga bakinsa na fara jin yaƙin Alwasa na 1805, inda jama'ar Shehu Usmanu suka sha wuya har suka ja da baya zuwa Gwandu, da yadda Muhammadu Bello ya kewaye garin da ganuwa a 1806. Shi ya koya mini kalmar ribaɗi, wato garin bakin iyaka irin su Ambursa, inda mutum ke noma da kwari rataye a kafaɗa. Ranar da ya kai ni hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, muryarsa rawa take yi.

Da dare kuwa kakata, wadda Bakabiya ce, takan warware abin da aka saƙa da rana. "Maigidana," in ji ta, "kafin a yi ganuwar Gwandu akwai ta Surame, wadda Kanta ya gina." A bakinta 1805 ba shekarar kafuwa ba ce, shekara ce da Birnin Kebbi ta faɗi, Kabawa suka bar gidajen kakanninsu, har daga baya suka tsaya a Argungu. Shekara ɗaya, gida ɗaya, labari biyu.

Sai da na shiga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, na ga hotunan allunan ƙarfe da Amurkawa ke kafawa a gefen titi don tunawa da kafuwar gundumominsu na bakin iyaka. Da farko kishi ya kama ni. Da na ƙara karatu sai na lura cewa da yawa daga cikin tsofaffin allunan suna ambaton wanda ya iso, suna yin shiru game da wanda aka tarar. Nan na tuna da kakata. Ashe allo yana iya tunarwa, yana kuma iya binnewa.

Mu ma muna da alamominmu: kufai, tsohuwar rijiya, kushewa, har da sunan gari, domin Kalgo kansa sunan itace ne. Sai dai duk bebaye ne. Ba sa magana sai da harshen tsoho. Kakana ya rasu ina shekarar ƙarshe a jami'a. Na sha yi masa alkawarin zuwa da littafi in rubuta jerin sunayen da yake zayyanawa, jarrabawa ta yi ta cinye alkawarin. Bayan damina biyu iska ta kayar da tsamiyar, aka faskare ta. Na dawo da takardar digiri, na tarar an rufe ɗakin karatun da ya fi kusa da ni.

Kakata tana nan da rai, kuma yanzu kowace Juma'a ina zaune a gabanta da waya ina ɗaukar muryarta. Ina kuma bin sauran dattawan unguwa tun suna iya tunawa. Burina wata rana a kafa allo a bakin hanyarmu, da boko da ajami, mai faɗin da zai ɗauki labarin wanda ya zo da na wanda aka tarar. In aka rubuta ɗaya aka bar ɗaya, rabin jinina aka goge.