Daga Ibrahim Zuwa Braimah: Labarin Sunan Gidanmu

A gidanmu da ke Accra New Town, wadda tsofaffinmu har gobe suke kira Lagos Town, mu jikokin mutum ɗaya ne, amma sunaye uku muke ɗauke da su a takarda. 'Ya'yan babban wa Braimah ne, 'ya'yan na tsakiya Brimah, 'ya'yan auta kuwa Ibrahim. Ba mu taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, sai ranar da muka tashi gyara takardun gidan da kakanmu ya bari. Ma'aikacin da muka tarar ya jera katunanmu a kan tebur, ya dube mu, ya ce shi dai gida uku yake gani a nan, ba gida ɗaya ba. Sai da muka yi wata da watanni muna zirga-zirga, da rantsuwa a gaban hukuma, da kawo dattawan unguwa su yi shaida, kafin aka yarda cewa tsatsonmu ɗaya.

Da muka dawo gida muka zauna gaban baffanmu, wanda shi kaɗai ya rage cikin ukun. Muka ce, "Baffa, wai ina muka samo wannan suna?" Ya yi dariya ya ce, "'Ya'yana, ai ba mu muka zaɓa ba, malamin makarantar boko ne ya raɗa mana, ba rago ba goro."

Ga yadda abin ya faru. Kakanmu Malam Ibrahim daga ƙasar Kano ya taso, ya biyo hanyar fataken goro ya sauka Kumashi, daga baya ya gangaro Ankara. Shi bai san wani abu wai shi sunan dangi ba. Bahaushe yana da sunan yanka da ake raɗa masa ran bakwai, yana da laƙabi, in kuma ana son bambanta shi da wani sai a haɗa da sunan ubansa, ko garinsu, ko sana'arsa. Da aka kai babban ɗansa makaranta, malami ya nemi sunan da za a cika gurbi na biyu a rajista. Aka ce masa sunan uban yaro Ibrahim. Shi kuwa malamin yadda kunnensa ya saba ji a Ankara ya rubuta: Braimah. Na biyu wata makaranta aka kai shi, can aka yar da harafi ɗaya. Auta ya yi sa'ar malami Musulmi, shi ya rubuta Ibrahim daidai.

To, ashe Braimah ba wani baƙon suna ba ne, sunan Annabi Ibrahim ne, alaihis salam, wanda sura ta 14 ta Alƙur'ani take ɗauke da sunansa. Masana sun ce a harshen Ibrananci ma'anarsa uban al'ummai masu yawa. Saboda shi ne Khalilullahi, shi ya sa a ƙasar Hausa ake kiran mai sunan da Halilu, ban da Iro da Ibro. Sunan ya yi tafiya tare da Musulunci, kowane harshe ya tauna shi yadda haƙoransa suka iya. Yarabawa suka ce Buraimo, a Saliyo aka ce Brima, a Kwaddibuwa Brahima, a Nijar da Burkina Faso kuwa Boureima suke rubutawa da ƙa'idar Faransanci. Nan Gana ya zama Braimah.

Kuma ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Abubakar ya koma Bukari, Sa'idu ya koma Seidu, Husaini ya koma Fuseini, Ishaƙa ya koma Issaka. Muhammadu ya zama Mahama, sunan da Alhaji Aliu Mahama, mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, ya ɗauka, haka ma John Dramani Mahama, wanda Dramanin nasa daga Abdurrahman ya fito.

A nan Ankara, abin da ya sa kunnen malamin nan ya saba da sunan shi ne gidan Cif Braimah, Bayaraben Ilori, attajirin goro da dabbobi, wanda Turawa suka amince da shi shugaban Musulmin gari a farkon ƙarni na 20, ya rasu a 1915. Ya yi aure cikin Tabom, wato waɗanda suka dawo daga Barazil, daga nan aka samu zuriyar Peregrino-Brimah. Can arewa kuma akwai J. A. Braimah na Gwanja, wanda ya riƙe minista a gwamnatin Nkrumah tun kafin samun 'yanci. Kun ga ke nan, Bayarabe da Bagwanje da Bahaushe duk suna amsa suna ɗaya ba tare da jini ya haɗa su ba. Mu kanmu an sha tambayarmu ko 'yan gidan sarauta ne, mu ce a'a, suna ne dai ya zo ɗaya.

Kowane sunan gida a Zango yana da irin wannan labari. Bako na Sabon Zango sunan Malam Baƙo ne, ɗan Malam Na'inno mutumin Katsina. Futa na Nima ya tuna mana Malam Amadu Futa, wanda ya samu filin daga mutanen Osu a 1931, sunan kuma na ƙasar Fulani ne. Sojojin Turawa kuwa da ƙabilarsu ko garinsu ake rubuta su, kamar Alhaji Grunshi, wanda tarihi ya ce shi ne sojan Ingila na farko da ya harba bindiga a Yaƙin Duniya na Farko, a Togo cikin Agusta 1914. A Nijeriya ma haka boko ya yi, shi ya sa muka san Aminu Kano da Shehu Shagari da sunan garuruwansu.

Kada mu ɗauka mu kaɗai alƙalamin baƙo ya taɓa. Mutanen ƙasar Ailan, maƙwabtan Ingila, sun fi shekara 900 da sunayen dangi. Mac a harshensu ɗa ke nan, kamar yadda muke cewa Ɗan Musa, O kuma jika. Da Ingilishi suka mulke su, akawuna suka murɗe sunayen, Ó Murchadha ya zama Murphy, wanda ya fi kowane suna yawa a ƙasar. Da yawa suka yar da O da Mac don su samu shiga, sai a ƙarshen ƙarni na 19 jikokinsu suka fara maido da su.

Wannan yar da suna don tsoro mun san shi. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su bar ƙasa. Baffa ya ce a kwanakin nan suna ya zama abin ɓoyo. Kakanmu da aka sani da Malam Ibrahim Kano ya daina amsa Kanon a waje, 'ya'yansa masu Braimah suka fi kwanciyar hankali da autan da ke Ibrahim, alhali ɗaki ɗaya aka haife su. Da aka fara rajistar katin Gana gadan-gadan a 2019, mun sake jin ƙanshin abin, domin wasu cikinmu an tsare su da tambayar ina ne garinku na asali. Amma tsarin mulkin 1992 bai ce a duba amon suna ba, iyaye da kakanni ya ce a duba.

Yanzu gidanmu ya rabu biyu. Samarinmu da suka yi karatun Larabci suna cewa mu koma Ibrahim gaba ɗaya, wai Braimah gurɓataccen suna ne. Mu dai ba mu ga aibinsa ba. Sunan da ya daɗe a bakin Ankarawa har ya canja kama, shi kansa shaida ne cewa ba jiya muka zo ba. Abin da muka ga aibinsa shi ne sakaci. Saboda haka muka yanke shawara a gaban Baffa: kowane reshe ya riƙe rubutunsa, kada a ƙara canja ko harafi ɗaya, duk jaririn da aka haifa a yi masa takardar haihuwa da rubutun da ke katin ubansa. Muka kuma sayi littafi, Baffa yana faɗa muna rubutawa, tun daga kan uban Malam Ibrahim har zuwa jaririyar da aka raɗa wa suna bana.

Muna roƙon kowane gida a Nima da Maamobi da New Town ya yi haka tun tsofaffi suna da rai, domin ranar da aka rufe su an rufe da amsar. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya raya mana zuriya. Wassalam.