Makarantar Da Ta Raba 'Ya Da Uwa, Da Wadda Ta Haɗa Su

A shekarar 2019 aiki ya kai ni birnin Adiled na ƙasar Ostiraliya, na yi kwas na wata uku. Wata rana muna hira da wata dattijuwa malamar makaranta, 'yar ƙabilar Aborijin, watau mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, sai na yi suɓutar baki. Na ce mata na ji labarin 'yan matansu da yawa ba sa kammala sakandare, ashe iyaye ba su san darajar ilimi ba? Ta yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ta ce, "Malam, da sunan makaranta aka ɗauke uwata daga hannun kakata."

Kunya ta rufe ni. Daga baya na bincika, na tarar daga wajen 1910 har zuwa 1970 hukuma ta riƙa ƙwace yaran Aborijin da ƙarfi tana tsare su a gidajen reno. A gidan 'yan mata na Kutamandara aikatau ake koya musu, don su yi wa Turawa shara da wanke-wanke. Sai a ranar 13 ga Fabrairu 2008 Firayim Minista Kebin Rad ya nemi gafararsu a gaban majalisa. To, jama'a, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma fa matan ba su kwanta ba. Lowitja O'Donoghue, wadda aka haifa a 1932, tana da shekara 2 aka raba ta da uwarta. Ta dage har aka karɓe ta koyon aikin jinya a babban asibitin Adiled a 1954, ta kuma shugabanci hukumar harkokin Aborijin ta ƙasa a 1990. Sai bayan shekara 30 da ɗoriya ta sake ganin mahaifiyarta, alhali harshen uwar ya riga ya ɓace mata. A 1983 Hyllus Maris ta kafa kwalejin Worawa a jihar Biktoriya, wadda daga baya ta koma ta 'yan mata zalla, ana haɗa karatun zamani da al'adun iyaye. A 2015 kuma aka kafa gidauniyar Stars, mai ajiye mata masu ba da shawara a cikin makarantu, suna bin sawun kowace yarinya har ta gama ta sami aiki.

Dattijuwar nan ta gaya mini cewa in ɗalibarta ta yi fashi, ba ta aika takardar gargaɗi. Da ƙafarta take zuwa gidan, ta zauna da kakar yarinyar su sha shayi. Da zarar kaka ta amince, gobe da safe yarinya tana aji.

Ranar da zan taso na je na roƙe ta gafara bisa ga maganar da na yi ba da sani ba. Ta yi murmushi, ta ce in zo bikin yaye ɗalibanta in Allah ya kai mu.