Matan Wagadugu da kekunansu

Ƴan uwa, duk wadda ta sauka Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, abin da za ta fara gani mata ne bisa keke. Tun da asuba suke fitowa daga garake na bakin baraji, da goyonsu, kwandon salati da tumatir ɗaure bayan keke, sun nufi kasuwa. Ba mai cewa rashin kunya ne.

Keke shi ne ƙafarsu: ba jiran taksi, ba roƙon maigida kuɗin mota. Mu nan Maraɗi fa? Ku lissafa abin da kabu-kabu ke ci cikin ribarmu kowane wata. In mu muna jin nauyin hawa, to mu saya wa ɗiyanmu mata, su isa lakkol kan lokaci.