Bazarar Gobir da Dabarun Dabbobi

'Yar'uwa, in ba ki taɓa yin watan Afirilu a Sabon Birni ko Isa ba, to, ba ki san rana ba. Ni dai na je zumunci wajen gwaggona, na tarar zafi ya haura digiri 40, ƙasa ba ta takuwa. Amma abin da ya ɗauke mini hankali shi ne kowace dabba da dabararta.

Da sassafe ƙadangare zai hau katanga ya sha hantsi, domin jininsa ba ya ɗumama kansa, sai ya aro ɗumi daga rana. Da ta take, ya shige inuwa. Kare kuwa harshe yake zarowa yana haki, yawu na bushewa yana tafiya da zafi, kamar yadda randa ke tsatsafo ta sanyaya ruwa. Kaza ba ta gumi sam, shi ya sa take buɗe baki ta saki fukafukai.

Raƙumi ne sarkinsu. In ruwa ya yi ƙaranci, sai ya bar jikinsa ya tashi daga digiri 34 da asuba zuwa wajen 40 da la'asar, bai ɓarnatar da ruwa a gumi ba. Cikin dare ya sauke zafin a iska mai sanyi. Tozonsa ma kitse ne, ba ruwa ba.

A bakin gulbin Rima na ga shanu sun taru ƙarƙashin gawo, itacen da ke ganye da rani ya kaɗe da damina. Ikon Allah!

Sai dai gwaggo ta ce mini, "Ɗiyata, tun da ɓarayin daji suka addabi ƙasar nan, kiwo ya dawo gida." Nan fa matsalar take. Dabbar da aka ɗaure ba ta iya bin inuwa. Jar akuyar nan kuwa ita ce asusun mace: kuɗin makaranta, magani, har kayan ɗaki. Zafi na rage mata ci, nono ya ja baya, wani lokaci ta zubar da ciki.

Don haka in ke ce mai kula da turke, ki ɗaure ta inda iska ke ratsawa, rumfar kara ta fi ta kwano. Ki ajiye ruwanta a inuwa, abinci kuma da safe da yamma. In kin ga tana haki baki buɗe, maza ki yayyafa mata ruwa.

Allah Ya dawo wa Gobir da zaman lafiya, amin.