Lahadi a Bogota: Ranar da Titi Ke Komawa Hannun Masu Keke

Bogota, babban birnin ƙasar Kolambiya a Kudancin Amurka, yana zaune a kan tudu mai tsayin kimanin mita 2,600 a cikin duwatsun Andes. Kwana shida na mako, mazaunansa kusan miliyan 8 na fama da cunkoson motoci da hayaƙi. Amma kowace Lahadi da ranakun hutu, daga ƙarfe 7 na safe zuwa 2 na rana, hukuma kan hana motoci bin fiye da kilomita 120 na manyan tituna, ta bar su ga masu keke da masu gudu da masu tattaki. Wannan al'ada ake kira Ciclovia, wato hanyar keke da Sifaniyanci.

Asalinta zanga-zanga ce. A Disamba 1974 wasu masu son keke, ciki har da masanin zanen gine-gine Jaime Ortiz Mariño, suka fito da dubban jama'a kan titi don nuna cewa gari ba na masu mota kaɗai ba ne. A 1976 hukumar birnin ta mayar da abin tsari na dindindin.

Sai wanda ya san yadda garin ya rabu zai gane darajar wannan rana. An kasa unguwannin Bogota mataki shida, daga 1 zuwa 6, don ƙayyade kuɗin ruwa da wuta, har lambar ta zama tamkar tambarin matsayin mutum. Akasarin attajirai na arewa, talakawa sun fi yawa a kudu, kuma ba kasafai suke haɗuwa ba sai a wurin aiki, inda ɗaya ke ba da umarni ɗaya na karɓa.

Ranar Lahadi kuwa, a titin Septima da ya ratsa tsakiyar gari ya nufi arewa, za ka ga keken tsere mai tsada kafaɗa da kafaɗa da tsohon keken lebura. Uba na riƙe da sirdin 'yarsa tana koyon feda, tsofaffi na tafe a ayari suna hira. Masu faci sun kafa rumfuna a gefen hanya, masu lemon matsi da wainar masara na ciniki. Idan sarƙar wani ta zame ko tayarsa ta sace, da wuya ya daɗe bai ga wanda ya tsaya ba, kuma babu mai tambayar lambar unguwarsa kafin ya miƙa masa famfo.

Masu ƙarfin ƙafa kan yi sammako su hau dutsen Patios da ke gabashin gari. Ƙa'idar abokan tafiya a can sananniya ce: wanda ya riga isa ƙololuwa yakan jira na ƙarshe.

Gaskiya ne, ƙarfe 2 na yi motoci za su dawo, kowa ya koma unguwarsa da lambarta. Keke bai kawar da talauci a Bogota ba. Sai dai mutanen da suka saba yin gumi tare sa'o'i bakwai a mako ba sa saurin ɗaukar juna abokan gaba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Mutanen Bogota sun ɗora ƙafar a kan feda, shekara hamsin ke nan ba su sauke ba.